Tsanin Matsorata

Idan sanin tsoro ake magana, ni gwani ne, amma fa a takarda. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koya wa manya Turanci da yamma, a wani shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, har sunana na gaskiya ya ɓace, kowa Malam Ƙamus yake ce mini. Ni kuwa sunan ya kwanta mini a rai, don ƙamus ɗina ya kusa bulo nauyi, kuma a hammata nake yawo da shi ko cefane za ni. Idan tsautsayi ya sa mutum ya tambaye ni ma'anar kalma ɗaya, sai na ba shi bakwai kafin in sake shi, ko da motarsa na shirin tashi.

Shagon ba nawa ba ne, na yayan matata ne, ya ba ni aro tun farkon aurenmu. A da ɗalibai kan cika benci huɗu, wasu ma su tsaya ta taga. Sai wata malama ta zo ta buɗe nata ajin a tsallaken titi, daidai saitin ƙofata. Ita ko ƙamus ba ta riƙewa. Abin da take koyarwa shi ne yadda za ka yi wa likita bayanin ciwonka, yadda za ka cika takardar neman aiki, da yadda za ka amsa waya. Na taɓe baki na ce wannan ai Turancin cefane ne, ba inda zai kai mutum. Cikin wata shida ya kai mutanen benci uku tsallaken titi. Aka bar ni da mutum biyar: tela, mahauci, direban motar haya, mai gyaran wuta, da wani tsoho mai gadin sito, wanda rabin darasi gyangyaɗi yake yi.

Ran wata Litinin Yaya ya leƙo ana cikin darasi, ya ƙirga mu da ido, ya jira har aka tashi.

"Malam, ba korarka nake yi ba," in ji shi. "Amma ba a tsare shago guda saboda mutum biyar, ɗayansu ma barci yake. Ranar Asabar zan dawo. In na ga mutum goma sun yarda za su rubuta suna, ka ci gaba da zamanka. In ban gani ba, akwai mai askin da ya ishe ni da naci."

"Goma kacal, Yaya? Ai da ka ce talatin, don abin ya yi armashi."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce goman ma in Allah ya kawo su ya gode.

Gaskiya na tsorata, don ban da shagon nan ba ni da wani wuri a duniya da ake miƙewa idan na shigo. Amma da na isa gida sai na ba matata labarin ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in ajiye girman kai in tsallaka titi in ga yadda malamar nan take yi, ko ma in nemi mu haɗa aji. Na ce ni zan je wurin yarinyar da na fara karatu tun ba a haife ta ba? Wannan ai aikin matsorata ne. Sai kuma halin nawa ya motsa, na jawo ƙamus don in gano takamaimai wane irin matsoraci take so in zama.

Nan na faɗa cikin taska. Ashe Turawa ba su bar matsoraci da suna ɗaya ba, sun rarraba shi kamar yadda tela ke ware zare. Akwai timid, mai ɗari-ɗari, wanda haka aka halicce shi, kuma tsoronsa ba ya cutar kowa. Akwai fainthearted, wanda zai faro abu da ƙarfinsa, ya je tsakiya zuciya ta karye. Coward shi ne gama-gari, ya ga haɗari ya cika wandonsa da iska, ya bar abin da aka ba shi tsaro. Dastard ya fi shi muni, don shi ba ya iya tunkararka, sai dai ya zagaya ta baya ya cuce ka, ko ya ɗora wa wani laifinsa. Can ƙarshe kuma ga craven, wanda tun ba a taɓa shi ba zai zube yana roƙo, ba kunya ko ta miskala zarratin.

Na karanta wa matata su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mutanen da suka tara wa tsoro sunaye haka, da gani sun sha fama da shi. Ni kuwa ban ma saurare ta ba, don tuni dabara ta faɗo mini.

Zan yi darasi a fili, a ƙofar shago, kyauta, ranar Asabar ɗin da Yaya zai zo. Zan samo tsani in rubuta kalmomin nan a matakansa, mafi muni a ƙasa, mai sauƙi a sama. In riƙa hawa ina bayani, kowace kalma da misalin mutumin da kowa ya sani a unguwa, don darasi ba ya zama a kai sai da misali mai rai. In na ƙare sai in taka rufin shagon, in juyo in fuskanci jama'a, in nuna musu inda jarumi yake tsayawa. Tun a ɗaki na fara jin tafin a kunnena.

"Ka taɓa hawa tsani kuwa?" in ji ta.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambayar wadda take canza ƙwan fitila a gidan nan shekara goma sha ɗaya ce."

Na ce mata ai wannan rabon aiki ne, ni mutumin littafi ne. Kuma hawa tsani ba wani ilimi ba ne da sai an koya, ƙafa ce bayan ƙafa.

Misalai ba su ba ni wahala ba, tunda ga ɗalibaina a kusa. Direba ƙato ne mai muryar da ke tsayar da kasuwa, amma da zarar matarsa ta bugo waya sai ya miƙe tsaye, muryar ta koma ta ɗan tsako. Mahauci da bakinsa ya taɓa gaya mini, bayan ya sa na yi alkawarin rufa masa asiri, cewa ya je asibiti allura, ya naɗe hannun riga da kansa yana cika baki, da ya ga tsinin allurar sai farkawa ya yi a kan gado ana yi masa fifita. Tsoho mai gadi kuwa labarinsa ba ɓoyayye ba ne. Wata rana wani bijimi ya ƙwace daga hannun masu jansa ya doshi sito, tsohon ya shige ɗakin gadi ya danna sakata, ya bar babbar ƙofa a wangale. Dastard ba sai na nema ba, ga ta can tsallaken titi tana kwashe mini ɗalibai. Mai gyaran wuta kaɗai na tsame, saboda tsaninsa nake so.

Saura tela. Shi ban san masa wani tsoro ba, sai na ce bari in yi bincike irin na masana. Na samo ƙadangaren roba, na je shagonsa kamar mai kawo ɗinki, na faki idonsa na cusa shi cikin yadin da yake yankawa. Da ya ɗaga yadin sai ya daka tsalle ya haye teburi, yana kiran mahaifiyarsa da ta rasu shekara tara da suka wuce. Ban gama rubuta sakamakon a littafina ba ya gane roba ce, ya sauko da dutsen guga a hannu, da zafinsa. Ba gudu na yi ba, sauri dai na yi, har na bar takalmi ɗaya a wurinsa. Da yamma na ba shi haƙuri, na ce gwajin ilimi ne, kuma ranar Asabar zai ji sunansa a gaban jama'a. Bawan Allah ya ɗauka yabonsa zan yi, har ya mayar mini da takalmin a goge.

Ranar Laraba kuma na yi kiciɓis da malamar a bakin titi. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce dama tana nemana. Wai akwai ɗalibanta kusan goma sha biyu da suka wuce matakin farko, suna son karatu mai zurfi, ita kuma lokaci ba ya isarta, ko zan yarda ta riƙa turo mini su kwana biyu a mako. Wato abin da Yaya yake nema ne, har da ƙari, aka kawo mini har gida. Na gyara zaman ƙamus a hammata, na ce mata ni ba na karɓar ragowar kowa, ta jira Asabar ta ga yadda ake cika aji. Ta ce to Allah ya ba da sa'a. Duk ranar na yini ina jin daɗin amsar da na ba ta.

Mai gyaran wuta ya ba ni tsanin ranar Juma'a, na katako, mai mataki goma sha biyu masu faɗi. Ya ce da shi yake cin abinci, kuma yana da aiki ranar Asabar ƙarfe biyar, saboda haka in kula masa da shi. Na ce ko ƙura ba za ta taɓa shi ba. Yana juya baya na kwantar da tsanin a ƙasa na buɗe gwangwanin jan fenti. Mai sayar da fentin ya riga ya gargaɗe ni cewa na mai ne, sai ya kwana biyu yake bushewa, na ce masa fenti ma yana gane hannun mai ilimi. Na rangaɗa kalmomin da manyan baƙaƙe. Da na ga fentin ya ragu, sai na bi sauran matakan na shafe su don ado. Gwada hawa kuwa bai ko zo mini a rai ba, tunda tsanin a kwance yake. A allon ƙofa na rubuta cewa gobe ƙarfe huɗu akwai darasi kyauta, kowa ya zo ya ga matsoratan unguwarsu.

Wannan rubutu ya yi aiki fiye da zatona. Kafin ƙarfe huɗu ƙofar shago ta cika maƙil, kowa ya zo da fatan jin sunan maƙwabcinsa. Ɗalibaina huɗu suka zauna a bencin gaba sun sha wanka, tela har da sabuwar hula. Yaya ya tsaya a gefe yana kaɗa makullai a yatsa, mai aski na bayansa yana auna faɗin taga da ido. Malamar ta fito bakin ƙofarta ta harɗe hannu. Ni kuma na fito cikin farar rigata ta fita kunya, ƙamus a hammata, na sa aka jingina tsanin da bango.

Na taka matakin farko, na ji takalmina ya manne. Na ce a raina wannan ƙarin tsaro ne. Na nuna craven, na yi bayaninta, sannan na kawo labarin ƙadangaren roba har da kwaikwayon murya. Wuri ya kaure da dariya. Tela ya cire sabuwar hularsa ya cusa a aljihu. Daɗin dariyar nan ya hau kaina, na ƙara mataki biyu, na ce dastard kuwa ba sai na kama suna ba, duk mai ido ya dubi tsallaken titi. Kowa ya waiwaya. Malamar ta ɗaga musu hannu kamar mai gaisuwa, abin da ya ɗan rage wa maganar gishiri.

A kan coward na kawo labarin bijimi da ɗakin gadi. Nan dariyar ta yi ƙaranci, don tsohon sa'an uban da yawa ne daga cikinsu. Shi dai ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Na ga haka na yi sauri na yi gaba, tafin hannuna ya riga ya yi jajir, gaban rigata ma ya fara ɗaukar darasi. Da na zo kan maganar allura, mahauci ya miƙe.

"Malam, amana fa na ba ka."

"Ilimi ba ya son ɓoye-ɓoye," na ce masa ina fuskantar bango. "Kai ma ka gode wa Allah, kana na biyu daga sama."

Direba ne na ƙarshe, kuma na yi masa adalci, na ce nasa tsoron ya fi na kowa sauƙi. Abin da ban sani ba, matarsa na cikin taron. Ta tako gaba ta tambaye ni ko laifi ne mutum ya miƙe in matarsa ta kira shi, ta ce in sauko in maimaita a kusa. Na ce mata babu saukowa a tsarin darasin, sama za ni. Na kama bakin kwano, na ja jikina, na haye rufin. Duk hawan nan bango da katako kawai nake kallo. Na miƙe tsaye, na juyo, na ɗaga yatsa.

"Nan kuma, jama'a, shi ne matsayin jaru..."

Sai na dubi ƙasa.

Ban taɓa sanin shagon nan yana da tsawo haka ba. Daga ƙasa ɗan gini ne da za ka iya zungurar bakin rufinsa da sanda, amma daga sama sai na ga kawunan mutane sun ƙanƙance, titi yana lilo. Na zauna. Zaman bai gamsar da ni ba, na kwanta rub da ciki, na baje hannuwa na rungumi kwano. Kwanon kuwa tun safe yake shan rana. Ƙamus ya suɓuce daga hammatata, ya gangara a hankali ina kallonsa, ya faɗa gaban Yaya ya rabe biyu.

Da farko jama'a sun ɗauka cikin darasin ne, har wasu suka tafa. Na yi amfani da wannan damar na ce, ba tare da na ɗaga kumatuna daga kwano ba, misali nake nuna musu, su lura da kyau. Minti biyar suka wuce misalin bai ƙare ba.

"Malam, wannan wace kalma ce?" in ji mahauci. "Ban gan ta a jikin tsani ba."

"Nazari nake yi."

"Nazarin kwano?"

"Rabu da shi," in ji tela. "Mahaifiyarsa yake son kira, sunan ne ya ɓace masa."

Ana haka mai gyaran wuta ya iso ɗaukar tsaninsa. Ya kama shi da hannu biyu, ya saki, ya dubi tafukansa. Bai yi hayaniya ba, ya dai ce wanda ya yi wa tsaninsa wannan aika-aika ya nemi hanyar saukowa da ilimi. Ya saɓa shi a kafaɗa ya juya. Ina jin katako ya bar bakin kwano, ɗan abin da ya rage mini na mutunci ya bi shi. Na haɗa mai tsanin da Allah, na haɗa shi da iyayensa, na kira shi maigida, na kira shi babban injiniya, mutumin da jiya-jiya nake cika wa littafi da jan biro. Na yi alkawarin kankare fentin da farcena. Da na ga bai tsaya ba, sai na ce ai fentin ba dabarata ba ce, matata ce ta ba ni shawara.

"Ni?" Muryarta ta fito daga bayan taro, ban ma san ta zo ba. "To, Malam, ka sauko lafiya, ma yi maganar a gida."

Nan fa kowa ya zama mai dabara. Wasu suka kawo bargo suka kama gefe-gefe suka ce in diro, na leƙa da ido ɗaya na ga bargon bai fi hankici ba. Mahauci ya ce yana da igiyar da yake kayar da shanu, in ana so a zuro ni da ita. Direba, bayan ya nemi izini, ya matso da motarsa gindin bango don in taka rufinta. Na miƙa ƙafa ɗaya ina lalube, takalmina ya sulluɓe ya faɗa kan gilashi ya bar jan tambari, na janye ƙafar na ce motar ba ta tsaya daidai ba. Matar direba ta ce a fitar da motar kafin a zubar musu da sauran malamin a kai.

Wani ya juya ya tambayi malamar, wadda ta riga ta ƙetaro, wai roƙon nan da ɗora wa mata laifi a wane mataki suke. Da ta rama da na ji daɗi, don da na samu abin riƙewa a kanta. Ba ta rama ba. Ta ce wanda ke sama yana cikin wahala, ba lokacin wannan ba ne, ta bi mai gyaran wuta ta lallashe shi ya dawo da tsanin. Sannan, tunda ga taro ga kuma dalili, ta ce bari ta koya musu yadda ake kiran 'yan kwana-kwana a waya da Turanci, a faɗi sunan titi, a ce mutum ya maƙale a kan rufi. Ina kwance ina gasuwa, mutum sittin suna maimaita halin da nake ciki baki ɗaya, cikin Turanci mai tsabta. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko kuskure ɗaya ban samu a jimlarta ba, kuma na nema.

Tsani ya dawo, amma ni da shi sai kallo. In juya in zura ƙafa baya cikin iska, ina neman matakin da ba na gani, wannan ya fi ƙarfina. Yaya ya ce wani ya hau ya taimaka. Mai gyaran wuta ya ce shi ya yi iya nasa. Mahauci ya ce da zai hau, amma an riga an shaida wa duniya cewa a tsakiya yake karaya. Tela ya ce shi roƙo kawai ya iya, in ana so ya roƙi rufin ya sunkuyo. Direba ya dubi matarsa, ta girgiza kai, ya koma ya zauna.

Sai na ji tsanin ya motsa. Wani na hawowa a hankali, yana hutawa a kowane mataki, gwiwarsa na ƙara. Can furfura ta ɓullo a bakin kwano, ashe tsoho mai gadi ne. Ya dafa hannuna, na ji nasa hannun ya fi nawa rawa.

"Baba, kai ma tsoro kake ji?"

"Sosai ma. Rufe idonka, ɗana, ka miƙo ƙafar hagu."

"Baba, abin da na faɗa ɗazu..."

"Gaskiya ka faɗa, ɓuya na yi. Bijimin nan ya fi ƙarfina. Amma washegari na dawo bakin aikina, ana nuna ni da baki. Miƙo ƙafar, kwanon nan yana cin hannuna."

Kunyar da ta kama ni a lokacin ta fi kwanon zafi. Na runtse ido, ya kama idon sawuna ya ɗora a mataki, ya sauka ɗaya, ya sake kamawa. Haka muka yi ta yi, ina rungumar kowane mataki da ƙirji kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya, jama'a na ƙirga mana da Turanci, don malamar ta ga nan ma akwai darasi. Har tsohon ya sauka ya koma benci ina nan ƙanƙame da tsani, ido a rufe, ina cewa kada a sake ni. Sai da Yaya ya taɓa kafaɗata ya ce in buɗe ido, ƙafata tana ƙasa tun ɗazu.

Na buɗe. Farar rigata ta koma allo, kalmomin nan biyar sun hau kanta da ja, a juye, wata kan wata, tun daga wuya har gwiwa. Kuncina ɗaya ya yi ja saboda kwano, ɗayan saboda fenti. Duk da haka na gyara murya na ce darasin ya kammala kamar yadda aka tsara, masu son rubuta suna su yi layi ba turereniya.

Yaya ya ce ba sai an yi layi ba, mai so ya ɗaga hannu. Tsoho ya ɗaga nasa, jajir da fenti. Can baya matata ta ɗaga nata, duk da sharrin da na yi mata, kuma wannan hannun ya fi komai taɓa ni a ranar.

"Ke sauke hannunki," in ji Yaya. "Ko na ƙirga da ke, biyu ne."

Ya ɗan ƙara jira, don mutum ne mai adalci. Mutane kuwa suka fara tsallaka titi a bayan malamar, tela a gaba ya mayar da hularsa, direba a bayan matarsa. Yaya ya zare makullin shagon daga cikin sauran ya miƙa wa mai aski a gabana, ya ce in kawo nawa ranar Litinin in na zo kwashe kaya.

Ranar Litinin da hantsi na je. Mai aski ya riga ya share ɗakin, ya fitar da benci uku waje, ya sauke allona ya jingina shi a lungu. Na tsaya ina kallon farin gurbin da allon ya bari a jikin bango, zuciyata ta yi nauyi ƙwarai. Shi kuwa yana fama da wani ƙaton madubi da yake son ratayawa a daidai wurin, ga ƙusa a baki, ga guduma a hannu. Ya tofar da ƙusar a tafinsa.

"Yauwa Malam, Allah ne ya kawo ka. Ɗan hau bencin nan ka buga mini ita, ka fi ni tsawo."

Na dubi bencin. Bai wuce gwiwata ba. Uzurori suka yi mini layi a baka, ciwon baya, jiri, santsin takalmi, kowanne da Turancinsa.

"Tsoro nake ji," na ce.

Ya dube ni, bai yi dariya ba. Ya ce to ba komai, in riƙe masa bencin shi ya hau. Na durƙusa na kama ƙafafun bencin da hannu bibbiyu, ya hau ya kafa madubinsa a inda allona yake. Ko motsi bencin bai yi ba. Ba yabon kai ba, amma samun mai riƙe benci irina sai an tona.